Hannun Ƙarfen da Muka Ƙera a Bagdadiyya

Na sauka Jidda da hannuwana biyu lafiya lau, ina da shekara ashirin da 'yan kai, bayan kusan shekara guda ina kan hanya. Sunana Garba, ɗan gidan maƙera ne ni a Gumel. Na taso daga gida ba da daɗewa ba bayan Turawa sun miƙa mulki. Na yi ƙirar fartanya a Fallomi don in sami abin shiga mota, na tsinki auduga a Sudan har bayana ya ƙage, sannan muka haye teku cikin wani jirgin katako da ke shan ruwa ta ƙasa muna kwalfewa da gwangwani. Duk wanda ya bi hanyar nan a wancan zamani yana da irin wannan labari, na wasu ma ya fi nawa muni. Nawa na daban a Jidda ya fara.

A Karantina na sami masauki. Unguwa ce ta baƙar fata a kudancin gari, gidajen langa-langa da katakon akwati, ga wani zafi mai danshi da ba ya barin riga ta bushe a jikin mutum. Wani dattijo mai suna Idrisu ya ji ina tambayar hanya da Hausa a bakin masallaci, ya kira ni. Bahaushen Sudan ne, a can aka haife shi, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma abin da ya fara tambayata shi ne ko damina ta yi kyau a gida. Tsire yake sayarwa a Bab Makka, kasuwar da ke bakin tsohuwar ƙofar gari. Shi da matarsa Hajja Batulu suka share ɗakin da suke ajiye gawayi suka ba ni. Tun daga ranar nake ce masa Kawu.

Na yi aikin Hajji a wannan shekarar, na kuma ƙi komawa. Na ga injin walda a wata warsha, wato garejin gyaran injuna, yana haɗa ƙarfe biyu cikin ɗan lokacin da mu a gida ko wuta ba mu gama hurawa ba, sai na ƙudurta ba zan koma Gumel ba sai na iya shi, in kai wa mahaifina abin da babu shi a duk kasuwarmu. Matsalata ita ce ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma ba ni da kafili, ɗan ƙasar da zai tsaya mini. Babu warshar da za ta ɗauke ni a haka.

Aka haɗa ni da Rayis Hamza. Jikan Hausawa ne haifaffen Jidda, shi ke tara leburori yana kai su tashar jiragen ruwa. In yana magana zai fara da Hausa ya ƙarasa da Larabci, ga fara'a, ga yawan dafa kafaɗa. Ya ce in yi masa aikin wata shida shi kuma zai samo mini kafili. Ya ba ni wani kati mai ɗauke da sunan wani Usman da ban taɓa gani ba, ya ce in an tambaye ni a ƙofa ni ne Usman. Kawu bai so abin ba, ya faɗa mini sau ɗaya, na ƙi ji.

A wata na huɗu, wata safiya muna sauke akwatunan bututun ƙarfe, igiyar wayar da ke ɗaga kaya ta zame. Na kai hannun dama don in ture akwatin daga kan wani Bayamane da ke duƙe, akwatin ya sauko ya haɗa hannuna da gefen jirgi. Ban ji zafi a lokacin ba. Na dai ga mutane suna gudu suna nufo ni, sai na farka a asibiti da hannu a naɗe. Likita ya ce babu abin da za a iya ceta, ya yanke daga wuyan hannu.

Rayis Hamza ya zo sau ɗaya da lemu a takarda. Ya sunkuyo ya ce da sunan Usman aka rubuta ni, kada in kuskura in faɗi sunana na gaskiya, in ba haka ba ni da shi duka za a kama. Na yi shiru kamar yadda ya ce. Da aka sallame ni na je wurinsa a ƙofar tasha, na roƙe shi takarda guda kawai da za ta nuna a wurin aiki na rasa hannu. Ya dube ni sama da ƙasa a gaban leburori, ya ce da Larabci bai san ni ba, yalla in ba shi wuri. Lebura kusan ashirin ne a wurin, duk sun ga abin da ya faru ranar, duk suka sunkuyar da kai. Ban riƙe su a zuciya ba, domin babu mai takarda a cikinsu.

A lokacin ban gane girman abin da aka hana ni ba. Sai wata rana a Bab Makka na tsaya sayen burodi, mai burodin ya ga dungun hannuna, ya jawo farantinsa kusa da cinyarsa. Na wuce gaba, wani mai sayar da yadi ya ce wa maƙwabcinsa “harami”, wato ɓarawo da Larabci, da ƙarfi yadda zan ji. Na koma wurin Kawu na tambaye shi. Ya daɗe yana juya tsire kafin ya ce mini a wannan ƙasa hannun dama ake yanke wa ɓarawo, kuma daidai inda likita ya yanke nawa.

Kwana uku ban fita ɗaki ba. Abinci ma na ƙi ci, don tun da aka haife ni ban taɓa kai hagu cikin kwano ba. A rana ta uku Hajja Batulu ta shigo ba sallama, ta dire kwanon shinkafa a gabana, ta zauna a bakin ƙofa.

Ta ce, “Garba, likita ne ya yanke ka, ba alƙali ba. Allah ya san wannan, ni ma na sani. Sa hannun da ya bar maka ka ci. Ba zan tashi ba sai na ga gindin kwanon.”

Na ci, rabi a baki rabi a tabarma. Ita ce kuma ta ƙara wa rigunana tsawon hannu don su rufe dungun.

Da na warke na shiga ga-ruwa, sana'ar da ba ta neman yatsu: gwangwani biyu a sanda, sanda a kafaɗa. Amma mai ruwa cikin gida yake shiga, kuma rigar ba kullum take rufa asiri ba. Gida bayan gida aka riƙa ce mini halas, kada in sake zuwa. Wata tsohuwa a wani lungu ita kaɗai ba ta kore ni ba, kullum sai ta ba ni dabino uku, daga baya na gane ba ta gani sosai.

A lokacin Hajjin da ya biyo baya na yi kiciɓis da wani mutumin garinmu, Alhaji Sule, mai sayar da fata. Muka gaisa, idonsa ya sauka kan hannuna, ya ɗauke kai da sauri, ya ce yana sauri motarsu za ta tashi. Bai tambaye ni ba, ni kuma kunya ta hana ni tare shi. Bayan 'yan watanni wasiƙar ƙanena ta iso ta hannun Kawu. Ya ce duk Gumel an ɗauka an yanke mini hannu a Makka saboda sata. Ya ce Baba bai ce uffan ba, amma ya daina kai kaya kasuwa ran Laraba, sai dai ya aika.

Na sa aka rubuta amsa na faɗi gaskiya, amma na san maganar baki ce kawai, ba ni da abin da zan nuna. Na koma asibitin, suka buɗe littafi suka ce babu wani Garba, Usman suka sani. Daga nan na daina neman takarda. Na ce wa Kawu ba zan koma gida a haka ba, ba kuma zan mutu ina ga-ruwa ba. Ya tambaye ni to me zan yi. Na ce ban sani ba tukuna.

Tun da gidaje suka guje ni sai na koma kai ruwa warshoshi, inda babu abin da ake tsoron in ɗauka sai baƙin mai. Haka na faɗa wata babbar warsha a Bagdadiyya, arewa da tsohon gari, inda ake gyaran manyan motoci da injinan ban ruwa. Shugabanta wani Bajamushe ne, dogo, mai jan wuya, wanda ma'aikata ke kira Muhandis Walta, wato Injiniya Walta. Wata rana ina juye ruwa a tanki na ga wani ma'aikaci ya ciro sifirin mota daga wuta ya yi fari fat, zai tsoma shi cikin ruwan sanyi. Bakina ya riga ni, na ce zai karye. Ma'aikacin ya ce me ɗan ga-ruwa ya sani. Ya tsoma, aka ɗaura a mamatsi aka lanƙwasa, ya ɓalle gida biyu.

Muhandis yana tsaye a bayana ban sani ba. Ya tambaye ni da Larabcinsa mai karyewa yadda ni zan yi. Na ce a bari ya yi ja kamar garwashin da ya fara kwantawa, a tsoma shi cikin mai, sannan a sake ɗumama shi kaɗan. A Fallomi na koyi haka, inda muke ƙira da sifirin mota. Ya sa aka yi yadda na ce, ƙarfen ya lanƙwasa ya dawo. Sai ya nuna hannun rigata ya ce in janye.

Na janye ina jiran kalmar da na saba ji. Ya riƙe dungun ya juya shi, ya bi tabon da ya haura har kusa da gwiwar hannu da ɗan yatsansa.

Ya ce, “Abu mai nauyi ne ya murƙushe wannan. Mota ko jirgi?”

Na ce jirgi. Ya ce ya yi yaƙi yana saurayi, ya ga irinsa da yawa. Shi ne mutum na farko a Jidda da ya gane ba tare da na rantse masa ba. Na juya baya na yi kamar ina gyara igiyar gwangwani.

Kashegari da tsakar rana, lokacin da ma'aikata ke hutawa, ya kira ni ƙarƙashin rumfa, ya zuba mini shayi, ya ciro wani hoto daga akwatin takardunsa. Hoton hannu ne na ƙarfe, da yatsu biyar, kowane yatsa da gaɓoɓinsa. Ya ce na wani ɗan sarauta ne na ƙasarsu da ya rayu shekara ɗari huɗu da wani abu da suka wuce, kuma garinsu Muhandis ba shi da nisa da gidan mutumin. Ya faɗi sunansa sau uku, sunan ya ƙi zama a bakina. Har yau Mai Hannun Ƙarfe nake ce masa.

Labarin bai ƙare a rana ɗaya ba, don Larabcinmu mu duka gurgu ne, rabi da baki muke yi rabi da alli a ƙasa. Abin da na fahimta shi ne mutumin barde ne, ɗan ƙaramar sarauta, yana da gidan dutse mai ganuwa a kan tudu. Yana da shekaru kamar nawa aka kewaye wani gari da yaƙi, harsashin igwa ya bugi takobinsa, ƙarfen takobin ya shige masa hannun dama ya datse shi. Wai ma igwar ta mutanen ɓangarensu ce. Ya kwanta watanni yana roƙon mutuwa, don barden da ba ya riƙe takobi ba shi da sauran amfani. Daga baya ya tuna ya taɓa jin labarin wani mayaƙi mai hannu ɗaya da bai daina fita daga ba. Ya sa maƙeri ya ƙera masa hannu. Daga baya aka yi masa wanda ya fi shi, wanda in ka lanƙwasa yatsun da ɗaya hannun sai su kulle, in ka danna wani maɓalli su saki. Da shi yake riƙe linzami, da shi aka ce yake riƙe alƙalami. Ya ƙara kusan shekara arba'in a kan doki.

Na tambayi wa yake yi wa yaƙi. Muhandis ya yi dariya, ya ce yawanci kansa. In ya sami saɓani da wani gari sai ya tare fataken garin a hanya, ya kwashe kayansu, ya tsare masu arzikin cikinsu sai an fanshe su. Babban sarkin ƙasar ya sha yin fushi da shi. An taɓa kulle shi shekaru. Da talakawa manoma suka yi bore suka tilasta masa ya jagorance su, ya yi musu 'yan makonni ya sulale, amma duk da haka aka kama shi da laifin, aka rantsar da shi ba zai sake hawa doki ba, ba zai kuma ƙetare iyakar ƙasarsa ba. Ya yi shekaru sama da goma a haka, aka sake shi yana tsoho ya sake fita yaƙi. Da idonsa ya daina gani sai ya zaunar da wani ya riƙa faɗa masa tarihinsa yana rubutawa. Ya mutu ya haura tamanin, a kan shimfiɗarsa.

Ya ce har yanzu hannun yana nan a ajiye ana zuwa kallo, shi ma an kai su suna 'yan makaranta. Ana wasan kwaikwayo a kansa. Kuma abin da ya fi sa ba a manta da shi ba, wai wata rana aka aiko masa ya miƙa wuya, ya leƙo ta taga ya mayar da wata ashar da ba zan rubuta ba. Har gobe in Bajamushe yana son yin wannan zagin a gaban manya, sai kawai ya ambaci sunan mutumin, kowa ya gane.

Na koma Karantina ranar raina a ɓace. Na ce wa Kawu da Hajja ga ɗan fashi na sosai, mai tare hanya, shekara ɗari huɗu ana yabonsa ana kai yara kallon hannunsa, ni kuwa da ban taɓa ɗaukar allurar wani ba an mai da ni ɓarawo a gari biyu. Kawu ya ce haka masu sarauta suke ko'ina. Hajja Batulu tana tsince shinkafa ba ta ɗago ba, ta ce ita duk labarin abu ɗaya ta ji, mutumin ya tashi daga kwanciya ya nemi maƙeri, ni kuwa ba sai na nema ba, tunda ni kaina maƙeri ne.

Da safe na koma Bagdadiyya ba tare da gwangwani ba. Na ce wa Muhandis ina son sanin sunan maƙerin da ya yi hannun. Ya ce bai sani ba, bai jin akwai wanda ya sani tabbas. Na ce to a gidanmu wannan mutumin za a tambaya, ba mai dokin ba. Na ce ina so mu yi nawa.

Ya ɗauki abin da zafi fiye da ni. Ya kwana biyu yana zane, ya zo da hoton hannu mai yatsu biyar irin na barden, har da farata. Na duba na ce ya yi kyau amma ba na so. Ya ɓata rai, ya ce da wannan in na sa safar hannu babu wanda zai gane. Na ce ni ba ɓoyewa na zo yi ba, na gaji da ɓoyewa, ƙira nake so in koma. Na ɗauki alli da hagu na zana masa awartaki, abin da maƙeri ke kama jan ƙarfe da shi. Na ce a yi mini baki biyu masu cizo, su kulle su saki kamar yatsun mutumin nan, sauran ya bar wa barde. Muka yi ta musu har aka kira la'asar. Daga ƙarshe ya yage zanensa ya ce yalla, mu fara.

Hannun farko da muka ƙera ya yi nauyi, ya goge mini dungun har ya ruɓa, na yi wata guda da zazzaɓi. Hajja ta ce in na sake sa wannan abin za ta jefa shi a teku. Da na tashi sai ita da kanta ta ɗinka mini kube na fatar akuya mai laushi, ta cusa auduga, ta yi masa maɗauri har kafaɗa. Na biyu ya yi sauƙi amma maɓallinsa yana saki in ƙarfe ya yi zafi, ya taɓa sakar mini jan ƙarfe a kan ƙafa, tabon yana nan. Na uku ni na ƙera bakinsa da kaina daga sifirin mota, Muhandis ya yi masa haƙoran kulle da walda. Shi ya zauna.

Hannun ƙarfen bai ba ni wuya kamar hannun hagu ba. Tun ina yaro masaba a dama take, yanzu sai ga ta a hagu kamar baƙuwa. In na auna nan sai ta sauka can. Muhandis ya ba ni wani lungu a bayan warsha da tarin ɓaraguzan ƙarfe, ya kuma shigar da ni cikin ma'aikatansa, ta nan na sami iƙama da sunana na gaskiya. Da safe ina koyon walda, da rana in sauran sun kwanta hutu ni ina lungu ina dukan ƙarfe. Wata bakwai na yi kafin in fitar da tsinken tsire guda miƙaƙƙe. Na kai wa Kawu, ya soka nama a kai ya gasa, ya ce ni zan ci shi.

Bayan shekara biyu wa'adin Muhandis ya cika. Ba mutum ne mai dogon sallama ba. Ya ba ni magagari uku da tabaran walda, ya kama hannun ƙarfen ya girgiza shi kamar yadda Turawa ke gaisawa, ya shiga mota. Ban sake jin labarinsa ba.

Na kafa rumfata a Karantina, kusa da gidan Kawu. Tun da ba ni da mai zuga, na haɗa ƙafar keke da fanka na sa mata abin takawa, ina zuga da ƙafa ina ƙira da hannu. Ina yin murhun gawayi, da tsinken tsire, da wuƙaƙen yanka waɗanda ke tafiya sosai in Hajji ya matso. Da farko kallo ake zuwa yi, daga baya aka fara saye. Larabawan unguwa suka sa mini Abu Hadid, wato mai ƙarfe. Ba zan ce kowa ya daina raɗa ba. Akwai waɗanda har na bar Jidda ba su yarda ba, na kuma daina damuwa da su. Mutum ɗaya ne ra'ayinsa ke hana ni sukuni, shi kuwa yana Gumel, kuma duk wasiƙun da nake aikawa ƙanena ne ke amsawa, Baba bai taɓa saƙo da kalma ɗaya ba.

A shekara ta shida da zuwana, wasiƙa ta zo cewa Baba zai sauke farali, ta jirgin sama. Na yi kwanaki ina shirya abin da zan faɗa masa, daga igiyar waya har littafin asibiti. Na roƙi Kawu ya rufe tsirensa ya raka ni don ya zama shaida.

Muka same su da hantsi a masaukin alhazai kusa da filin jirgi. Mutanen Gumel kusan goma suna zaune a tabarma, har da Alhaji Sule mai fata, wanda ya sake dawowa. Baba yana tsakiya, ya rame, gemunsa ya yi fari duka. Da na doso hira ta tsaya. Ban rufe hannun ba, rigar aiki ce a jikina mai gajeren hannu. Na durƙusa na ce, “Baba, sannunku da hanya.”

Ya amsa gaisuwar a taƙaice. Na buɗe baki zan fara jawabina, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, “Miƙo.”

Na miƙa masa. Ya riƙe hannun ƙarfen da hannuwansa biyu, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa bakin da farce ya kai kunne. Ya lalubo maɓallin da kansa, ya danna, bakin ya buɗe, ya matse ya kulle. Ya yi haka sau uku. Ya tambayi wa ya ƙera bakin, na ce ni. Ya tambaya da wane hannu, na ce da hagu. Ya nuna wata ƙusa a gefe ya ce wannan ba ta zauna daidai ba, na ce gaskiya ne, Bature ne ya sa ta. Wani ya yi dariya a bayan tabarma.

Sai Baba ya ce ina maƙerata. Na ce da ɗan nisa, ya huta tukuna. Ya riga ya miƙe yana neman takalmi. Ya waiwaya ya ce wa Alhaji Sule ya taso ya raka shi, shi da wasu mutum biyu.

A rumfar ya tsaya ya dubi ƙafar keken da fankar, ya gane yadda take aiki. Na kai ƙafa zan taka, ya ce in bari. Ya tattare babbar rigarsa ya zauna a ƙasa, a wurin mai zuga, inda a gidanmu ƙarami ne ke zama, ya kama ƙafar keken da hannu ya fara juyawa. Wuta ta tashi.

Ya ce, “Doka in gani.”

Na cafki guntun sifiri da hannun ƙarfe, na sa a wuta har ya yi ja, na ɗora a uwar maƙera. Na ɗaga masaba da hagu na fara duka. Ban ɗago na dubi kowa ba sai da wuƙa ta fito. Na tsoma ta a mai, na wasa, na miƙa masa ta ƙota. Ya gwada kaifin a gashin hannunsa, ya duba bayanta ta tsawo da ido ɗaya a rufe. Sannan ya juya ya miƙa wa Alhaji Sule.

Ya ce, “Alhaji, riƙe wannan ka yi yanka da ita a Mina. In ka koma gida, kai da ka iya kai labari, ka kai wannan ma.”

Alhaji Sule ya karɓa da hannu biyu. Baba ya koma ya kama ƙafar keken, ya ce in kawo wani ƙarfen, wutar tana ci a banza.